Yadda za ka sa tsuntsun hamingbad ya riƙa dawowa gidanka duk hunturu

Wannan dai na 'yan uwa mazauna kudancin ƙasar Amurka ne, su Hustan da Luwiziyana da Alabama da Fulorida, don ɗan tsuntsun nan mai shan ruwan furanni babu shi a Afirka, masu kama da shi da muke gani a gida jinsinsu daban.

A cikin irinsu akwai wani ja-ja da ake kira rufos, nauyinsa bai wuce giram 3 zuwa 4 ba amma tafiyarsa sai ka riƙe baki, yana ƙyanƙyasa can arewa har Alaska, in sanyi ya shigo yawancinsu su gangara Meziko, wasu kuma su yada zango a bayan gidajen mutane a jihohin nan. Masu binciken da ke sa musu zoben shaida a ƙafa sun tabbatar wanda ya zo bara shi ne dai yake dawowa bana, gida ɗaya, wani sa'in ma reshe ɗaya. Wata da aka sa wa zobe a Talahasi ta jihar Fulorida a 2010 an sake kama ta a Alaska a shekarar, tazarar mil 3,500 da wani abu.

To abu na farko kar ka sauke kwalbar ruwan sukarin da ake rataya musu su sha don ka ga kaka ta wuce, bar ta a rataye duk tsawon hunturu. Masu cewa kwalba na hana su ƙaura zance ne kawai, tsawon yini ne ke tashinsu.

Haɗin ba wuya, kofi 1 na farin sukari, kofi 4 na ruwa, shi kenan. Ban da zuma, ban da jan sukari, ban da kala, jan da ke jikin kwalbar ya isa ya jawo shi. Wanki fa shi ne inda mutane ke lalaci, da zafi duk kwana 2 ko 3, da sanyi kar ya wuce mako, in ka ga ruwan ya yi gajimare ko baƙi-baƙi a bakin ramukan zubar kawai ka wanke da ruwan zafi.

Wurin ratayewa kuma kar ka yi ta canza shi, yana riƙe wuri sosai, a nan zai fara dubawa in ya dawo. Ya zama kusa da bishiya mai ganye duk shekara inda zai fake, kuma sama da inda mage za ta iya kaiwa. Rage feshin maganin ƙwari, ƙananan ƙwari da gizo-gizo su ne namansa.

Daren da ruwa zai daskare shigar da kwalbar ɗaki, amma ka mayar tun da asuba don da yunwa yake tashi. In ka gan shi ya sandare a reshe kamar ya mutu ƙyale shi, jikinsa ya sanyaya don ya tsimi ƙarfi.

Kama shi kam ba naka ba ne, sai mai lasisin gwamnatin tarayya, nemi irinsu a yankinku su zo su duba zoben.