Fentin titi a taya da cikin gardabu: kurakuran da aka fi yi wajen cire shi

Assalamu alaikum jama'a. Ni wankin mota ne sana'ata a nan Garwa, kuma duk sanda aka sake ja farin layi a titi, musamman babbar hanyar nan da ta taso daga Ngaundere ta bi ta Marwa har Kusuri, sai motoci su yi ta shigo mana labaj, wato wajen wankin mota, fenti ya fallatsa musu a taya da cikin gardabu, wato kogon nan da taya ke juyawa ciki. Abin da ke ci min rai wallahi, yawancin ɓarnar da nake gani a wajen cirewa ake yinta.

Na farko dai jinkiri ne. Mutum ya taka ɗanyen fenti da safe sai ya ce bari sai Juma'a in na kai wanki, alhali ranar Garwa a watan Maris da Afrilu tana haura digiri 40, kafin Juma'ar ta zo fentin ya gasu ya zama kamar siminti. In ka lura da wuri ka wuce labaj kai tsaye a buga masa ruwa da injin mai ƙarfi, idan fentin irin wanda ake haɗawa da ruwa ne kusan duka zai zube. Amma a ja bakin injin baya kamar kamu ɗaya, kar a manna shi a gefen taya, nan ne roba ta fi laushi.

Sai goge shi da busasshen tsumma. Mutane da yawa ba su san ana watsa ƙananan ƙwayoyin gilas a kan fentin titi ba, su ne suke sa layin ya yi ƙyalli da dare in fitila ta haska. To ka ga in ka danna tsumma ka murza, tamkar ka sa yashi ne kana goge jikin motarka. Soson ƙarfe da reza da bakin sukundireba kuwa kar ma a kawo su kusa, in dole sai an kankare a nemi tsohon kati na roba.

Wanda ya fi duka yawa a wajenmu shi ne zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin hanya, da tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi. Da yake ga fetur nan a kwalabe ko'ina bakin hanya sai kowa ya ɗauka maganin komai ne. Kwanaki wani Alhaji ya kawo min Corolla, yaronsa ya jiƙa tsumma da tina ya bi gefen gardabu, fentin titin ya fita kam, amma ya tafi da sheƙin fentin motar, wajen ya dushe kamar an shafa toka, baƙar robar ciki kuma ta yi fari fat. Na ce ranka ya daɗe wannan ya wuce aikina sai mai fenti. Taya ma haka take, fetur da gazuwal, wato dizal, da kananzir suna cin roba, in ana yawan jiƙa ta sai ta bushe ta fara tsattsagewa a gefe, kuma ko ba komai ka watsa fetur kusa da birki mai zafi ai ka san haɗarin gobara ne.

Ga yadda nake yi in fentin ya riga ya bushe. Mota a inuwa tukuna ta huce, a wanke laka tas don a ga iyakar wajen. In fallatsin kaɗan ne a jiki ko a rim, WD-40, man feshin nan na gwangwani da ake sassauta tsatsa da shi, nake fesawa in bar shi awa 1 zuwa 2 sannan ruwa. In ya yi kauri kuwa, kamar cikin gardabu inda yake yin dunƙule dunƙule, basilin nake laftawa da yamma ya kwana, kamar awa 8 zuwa 12, da safe a buga ruwa, abin da ya rage a sake laftawa, wani sai an yi sau uku kuma nan ne mutane ke gajiya su koma wa tina. Dan Allah a daure. Cikin gardabu ba santsi gare shi ba shi ya sa yake riƙe fenti, ragowar sai a dangwala alkol irin na famasi a soso a ɗan jiƙa ta, ba tare da dirza ba. Daga baya a wanke da sabulu, jikin motar kuma a shafa masa man sheƙi.

Wani kuskuren da ke ba ni tsoro shi ne fesa mai ba a rufe birki ba. WD-40 ko basilin in ya taɓa faifan birki ko plaket, wato takalman da ke matse faifan, mota ba za ta tsaya yadda ya kamata ba. In zan yi aikin ciki sosai cire tayar nake yi in ɗaure faifan da leda, in kula da siririyar wayar ABS da ke wajen, wato ta na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki, kuma ba na yarda yaro ya cusa kai a ciki mota tana kan jak kaɗai, sai an tokare ta da ƙarfe ko gungume.

Ita taya, wanda ke kan haƙoranta a ƙyale shi kawai, kwalta zai cinye shi cikin 'yan kwanaki. Na gefe ne ake bi da ruwan sabulu da buroshi mai taurin gashi na roba, yau a yi kaɗan gobe a ƙara, da yake taya tana lanƙwasa in ana tafiya fentin da kansa yake farfashewa ya zube.