Yadda Ake Kallo da Ɗaukar Hoton Kawunan Jiragen Kaya a Babban Yadin Reluwe

Yadin jiragen kaya ba irin tashar fasinja ba ne, inda jadawali yake manne a bango kowa ya san ƙarfe nawa jirgi zai shigo. Wanda ya je ran farko zai ɗauka hargitsi ne kawai: taragai jere a layuka da yawa, wani kan jirgi yana gaba yana baya kamar ya rasa hanya, wani kuma yana tsaye awa uku injinsa na gurnani bai motsa ba. Amma aikin yana da tsari, kuma kusan kullum tsarin ɗaya ne. Mutumin da ya gane shi, ya kuma san ta inda rana ke faɗowa, ko da waya ce a hannunsa zai fi mai kyamara mai tsada da ke ta gudu yana bin jirgi.

Fara da gane fasalin yadin

Babban yadi yakan kasu uku. Akwai layukan karɓa, inda jirgin da ya iso yake tsayawa a cire masa kai. Akwai layukan rarrabawa a tsakiya, inda ake ware taragai gwargwadon inda kowanne zai nufa. Sai layukan tashi, inda ake haɗa sabon jirgi a ɗaura masa kai. A gefe guda kuma akwai loko, wurin da kawunan suke shan mai, a zuba musu yashin da suke watsawa gaban ƙafa don kada ta yi santsi, a duba birki.

A manyan yadudduka ana rarraba taragai ne ta kan wani ɗan tudu. Kan jirgi yana tura su a hankali har ƙoli, a kwance ƙugiyar kowanne, ya gangara shi kaɗai, wasu maƙallai da ke jikin dogo su matse ƙafafunsa su rage masa gudu, sannan a juya masa hanya zuwa layinsa. Ƙarar nan mai tsinin gaske da ke shiga har cikin haƙori, daga maƙallan take fitowa. Yadin Bailey da ke North Platte a jihar Nebraska ta Amurka, na kamfanin Union Pacific, shi ne mafi girma a duniya, tsawonsa ya kai kusan kilomita 13, kuma tudun rarrabawa biyu gare shi. A can har hasumiyar 'yan kallo aka gina, Golden Spike Tower, wadda aka buɗe a 2008. A Turai kuwa na Maschen da ke kudu da Hambag a Jamus ne babba, tun 1977 yake aiki.

Abin da sabon shiga ba ya ganewa da wuri shi ne tsakiyar yadi ba wurin kawuna ba ne, taragai ne kawai jibge. Kawuna suna wucewa ta wuyan yadi, wato ƙarshensa biyu inda layuka da yawa suke tsukewa su koma biyu ko uku, da kuma hanyar shiga loko. Buɗe taswirar tauraron ɗan'adam a waya kafin ka fita, ka nemo waɗannan wurare, sannan ka duba wace gada ko wane titi ne na jama'a ya fi kusa da su. Rabin aikin ke nan.

Inda ƙafarka za ta tsaya

A wajen shinge, ba wani zance. Yadi mallakar kamfani ne, shiga ba izini laifi ne, amma ba shari'a ce ta fi tsoratarwa ba. Taragon da aka saki yana gangarawa ba shi da inji, ba hon, ba direba, kuma a kan dogo mai santsi kusan ba ya ƙara sai ya zo daf. Jikin jirgi yana zarce dogo da kusan mita ɗaya ta kowane gefe, ban da igiyar ɗaurin kaya ko waya da kan kwance tana lilo. Dogon jirgin kaya mai gudun kilomita 90 a awa yana iya cin fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya, ko da direba ya gan ka. Ko a mashigar titi inda babu shinge, bar aƙalla mita biyar tsakaninka da dogo mafi kusa, kuma kada ƙarar jirgin da kake ɗauka ta mantar da kai layin da ke bayanka.

Idan layin mai lantarki ne, wayar saman tana ɗauke da bolt 25,000 a ƙasashe da dama, 15,000 a Jamus da Ostiriya da Suwizalan. Irin wannan wuta ba sai an taɓa ta ba, tana tsallakowa. Don haka daga kan gada kada ka zura sandar ɗaukar hoto ko ka bar igiyar kyamara tana reto ƙasa.

Kada ka haska filasha a fuskar direba. Kada ka ɗaga jan ƙyalle ko ka yi ta kaɗa hannu, domin a aikin reluwe hakan na nufin a tsaya akwai hatsari. Rigar ma'aikata mai walƙiya ma ka bar ta a gida, tana sa a ɗauke ka ma'aikaci a inda bai kamata a ga kowa ba. Dokar ɗaukar hoton kayan reluwe ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wasu sun hana sai da takarda, saboda haka ka tambaya tukuna. In mai gadi ya zo, gaishe shi, nuna masa hotunan, in ya ce ka matsa ka matsa. Jirgin sama mara matuƙi kuwa, kada ka tayar da shi a saman yadi sai da izini a rubuce.

Yadda za ka san jirgi ya kusa motsawa

Nan ne kallon yake da daɗi, nan ne kuma ake rasa hoto, domin mutum yakan jira awa biyu, ya sunkuya neman ruwan sha, ya ɗago ya tarar kan ya wuce.

Kafin jirgi ya tashi sai an cika bututun birkinsa da iska tun daga kai har tarago na ƙarshe, an kuma gwada birkin. A dogon jirgi wannan yana cin lokaci. Za ka ji kwamfiresa tana bugawa, ka ga ma'aikaci yana bin taragai yana leƙawa ƙasa. A Amurka da Kanada, idan ka ga an maƙala wani ɗan akwati mai jar fitila a ƙugiyar taragon ƙarshe, an gama haɗa jirgin. Idan kuma shuɗin allo ko shuɗiyar fitila ce a jikin kan, akwai masu aiki a ƙarƙashinsa ko tsakanin taragai, doka ta hana a motsa shi, sai ka juya wani wurin. Hon ma magana ce a can: dogon busa biyu na nufin an saki birki za a yi gaba, gajere uku daga tsaye na nufin za a ja da baya.

Alamar ƙarshe ita ce fitilar gaba ta ƙara haske, sautin inji ya hau. Yawancin kawunan dizal na Amurka matakin ba da wuta takwas gare su, kuma duk hawa ɗaya yakan zo da tururin hayaƙi na 'yan daƙiƙu. Daga nan sai ka ji ƙau-ƙau-ƙau tana bin jirgin daga gaba zuwa baya, ƙugiyoyi suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Daƙiƙun nan na hayaƙi su ne hoton. In ka tsaya gyara saiti a lokacin, ka makara.

A Amurka ma'aikata suna magana ta rediyo tsakanin megahaz 160 da 161, kuma masu kallo da yawa suna saurare da ɗan rediyon laluben tashoshi. A Turai tsarin GSM-R ake amfani da shi, ba ya kamuwa a irin wannan rediyo, wasu ƙasashen ma sun haramta sauraren gaba ɗaya.

Gane irin kan yana zuwa ta kunne kafin ido. Kan ES44AC na kamfanin GE, mai ƙarfin doki 4,400 da silinda 12, bugunsa rarrabe yake, kana jin kowane duka. SD70ACe na kamfanin EMD, mai doki 4,300 da silinda 16, nasa gunji ne miƙaƙƙe haɗe da wani siririn fito. Dukansu injin dizal ne ke juya janareta, lantarkin ya juya ƙafafu. Ƙirga gatari, wato ƙarfen da ke haɗa ƙafafu biyu, ma yana taimakawa: shida na jan kaya mai nauyi a dogon zango, huɗu galibi na shantin, wato kai da komon taragai a cikin yadi, da gajeren aiki. Kuma kada ka sauke kyamara don kai ya wuce, sau da yawa akwai wani kan a tsakiya ko a baya, ba kowa a ciki, direban gaba ne ke sarrafa shi ta rediyo.

Saitin kyamara

Haske shi ne gaba da komai. Rana ta kasance a bayan kafaɗarka, tana dukan hancin kan da gefensa lokaci ɗaya. Awa biyu na farkon safiya da biyu na ƙarshen yamma sun fi, domin hasken yana shiga ƙarƙashi ya fito da ƙafafu da tankin mai. Da tsakar rana rufi ne kawai ke shan haske, ƙasa ta zama baƙi ƙirin. Wuyan yadi ɗaya yakan yi kyau da safe, ɗayan da yamma.

Saurin ƙiftawar kyamara lissafi ne mai sauƙi. Jirgi mai gudun kilomita 30 a awa yana cin mita 8 da ɗoriya a daƙiƙa. A 1/125 na daƙiƙa zai matsa kusan santimita 7 yayin da idon kyamara yake buɗe, lambar jikinsa ta dushe. A 1/500 bai kai santimita 2 ba, hoto ya fito tas. To 1/500 a cikin yadi, 1/1000 a babban layin da ke wucewa ta gefe. Kafar haske ta tsaya a f/8, saboda tsawon kan ya haura mita 22, in ka buɗe ta zuwa f/2.8 hanci zai fito sarai, baya ya narke. ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, shi za ka riƙa ɗagawa in haske ya ragu. Hoto mai ɗan yashi-yashi yana gyaruwa, wanda ya girgiza ba ya gyaruwa.

Madubin kyamara mai zuƙowa milimita 70 zuwa 200 ya ishi yawancin aiki daga gada ko bakin shinge. Tsayuwar da aka saba ita ce ta karkace, ka ga gaba da gefe tare, jirgin yana siririncewa zuwa nesa. Zaɓi wurin da kake so kan ya kai tun kafin ya zo, duba ko falwaya ba za ta tsiro masa a ka ba, ka bar fili a gabansa.

Babbar matsala ita ce fitilar gaba. Tana ruɗin ma'aunin haske, kyamara ta ɗauka duniya ta yi haske ta rufe ido, sai hoton ya fito duhu. Tana kuma ruɗin mai daidaita gani, ya yi ta kai da komo daidai lokacin da kake dannawa. Maganin duka biyun ɗaya ne: koma saitin hannu, auna haske a kan tsakuwar dogo wadda rana ke duka, daidaita gani a kan dogon wurin da ka zaɓa, ka kulle. Kan baƙi ko mai datti yana son ƙarin rabin mataki, fari ko rawaya a rana yana son ragin kamar haka.

Ta biyu ita ce rawar zafi. Tsakuwa da ƙarfe suna tafasa iskar da ke kansu, hayaƙin inji ma haka, sai duk abin da ka zuƙo daga nesa ya fito a lanƙwashe kamar cikin ruwa. Ba laifin madubi ba ne kuma tsada ba ta maganinsa. Ko dai ka zo da sassafe, ko ka bari kan ya matso.

Shingen raga kuwa, manna madubi jikinsa daidai tsakiyar rami, zuƙo, ka buɗe kafar haske zuwa f/4, ragar za ta ɓace. Amma in rana tana dukan wayar za ta bar hazo, sai ka yi mata inuwa da hannu. A kan gada, babbar mota in ta wuce gadar tana rawa, sandar ɗora kyamara mai ƙafa uku kuma tana kai rawar har cikin kyamara. Da rana riƙo a hannu ya fi.

Mai waya ya guji zuƙowa da yatsa, yankan hoto ne kawai. Danna wurin ka riƙe har haske da gani su kulle, sannan ka yi ɗauka a jere.

In kana son a ga gudu, sauko zuwa 1/30 ko 1/60, ka bi kan da ƙugu ba da hannu ba, ka ci gaba da juyawa bayan ka danna. Mafi yawan hotunan za su lalace, haka abin yake ga kowa.

Da dare

Loko da dare yana cike da kawuna a tsaye ƙarƙashin fitilu. Kafa sandar mai ƙafa uku a ƙasa mai tauri, ISO 100 ko 200, f/8, buɗe ido daƙiƙa 10 zuwa 30, ka sa agogon jinkiri na daƙiƙa 2 don kada yatsanka ya girgiza ta. Kashe mai hana girgiza na madubi, domin a kan sanda shi ne ke kawo girgizar a wasu madubai. Fitilun yadi launinsu ya sha bamban, wasu ruwan lemo wasu fari, don haka ɗauki hoton a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ka gyara launi daga baya. Kauce wa tsayawa saitin fitilar gaba, ɗan matsawa gefe mita biyu yana kashe ƙyallin.

Riƙe ɗan littafi a aljihu: rana, lokaci, lambar kan, ta ina ya fito, ina ya nufa. Lambar tana jikin ɗakin direba da kuma allunan da ke gaba, kusa da fitila ko saman gilashi. Bayan zuwa huɗu ko biyar za ka fara ganin jirgin kwantena kaza yana tashi kusan lokaci ɗaya, da lokacin canjin ma'aikata da yadin ke yin tsit. Daidaita agogon kyamara da na waya kafin ka fara, don lokacin da ke jikin hoto ya yi daidai da na littafin.