Yadda uwa za ta gane ana cin zarafin ɗanta

Ba kasafai yaro ke buɗe baki ya ce an cuce shi ba. Ko an ja masa kunne, ko an toshe masa baki da alewa da 'yan canji. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya gano cewa a Najeriya mace ɗaya cikin huɗu, namiji ɗaya cikin goma, an yi lalata da su kafin su cika shekara 18. Sai dai ke ki sa ido.

Fara da lokacin wanka. Ƙujewar gwiwa da ƙulun goshi na wasa ne. Amma shatin bulala a gadon baya, ƙuna mai zagaye, ko tabo a wuya, bayan kunne da cikin cinya, waɗannan ba faɗuwa ke kawo su ba. Duba wando: akwai jini ko ruwa mai wari? In yarinya ce, tana kuka wajen fitsari, ko tana tafiya a tattale?

Na biyu, hali, kuma nan aka fi yin sakaci. Yarinyar da ta daina fitsarin kwance ta dawo da shi. Tana firgita cikin barci. Da can da gudu take zuwa aike, yanzu in kin ambaci wani shago sai ta maƙale a bayan ƙofa. Ta dawo daga talla da kuɗin da ya fi kayan farantinta. Kada ki ce shagwaɓa ce ko aljanu. Mai cutar galibi sananne ne, wani lokaci ma a gida yake cin tuwo, kuma yara maza ba su tsira ba.

Na uku, ki ja ta ɗaki ku biyu, ba tsawa ba duka: "Uwata, faɗa mini abin da ya faru, ba laifinki ba ne." Kada ki sa mata sunan wanda kike zargi a baki.

In fyaɗe ne, kada a yi mata wanka ko a wanke kayanta. A tafi asibiti nan take, domin maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi. Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala, Kaduna akwai cibiyoyin Salama, duk masu kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe ne. Daga nan sai 'yan sanda. In dangi sun zo da zancen rufin asiri, ki ƙi, kuma kada ki bari ta sake kaɗaicewa da wanda ake zargi.