Abin da baduku da mai sayar da tsuntsaye ya kamata su duba kafin cinikin namun daji

Fatar kada ko ta mesa, ko da an jeme ta an ɗinka jaka ko takalmi da ita, a idon doka tana nan a matsayin dabbar da aka feɗe. Haka gashin jimina, kan ungulu, ɓawon ɗan kunya da hauren giwa. A nan ne yawancin dukawa da masu maganin gargajiya ke faɗawa rami: suna ɗauka laifin ya tsaya kan maharbi.

Dokoki biyu ne ke kanka a Najeriya. Akwai yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, wadda aka sa wa hannu a 1973 ta fara aiki a 1975, Najeriya na cikinta. Akwai kuma dokar ƙasa ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka gyara a 2016, aka ɗaga tarar laifin farko a kan dabbobin jadawalin farko (jerin waɗanda aka hana farautarsu da cinikinsu) daga naira 1,000 zuwa naira miliyan 5. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ke ba da takardar izini, hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli ke kula da bin doka, kwastam kuma ke tsare tasha da kan iyaka.

Mataki na farko, ka san ainihin dabbar. "Fatar maciji" ba amsa ba ce. Takardar izini sunan kimiyya take ɗauka, guza da damo ma kowanne da nasa sunan. In dillali ya kasa faɗa maka ko fatar mece ce da inda ta fito, ka bar masa kayansa.

Sai ka duba rukuninta a CITES. Rukuni na ɗaya an haramta fataucinsa tsakanin ƙasashe in daga daji aka kamo. Giwar Najeriya na ciki, da kada, da jiminar Najeriya da Nijar. Ɗan kunya da aku mai jan wutsiya sun shiga a taron CITES na 2016, gauraka kuma a 2019. Rukuni na biyu, inda mesa, guza, damo da wasu nau'in ungulu suke, ana iya fitar da shi da izini. Amma kada ka tsaya nan. Yarjejeniyar ta ba kowace ƙasa damar tsaurara nata dokar, saboda haka dabba na iya zama a rukuni na biyu a CITES alhali tana jadawalin farko na dokar Najeriya, wanda ya hana farauta da ciniki gaba ɗaya. Wadda ta fi tsanani ita za ka bi. Ka nemi jadawalin da aka gyara, kada ka dogara da tsohon kwafi.

In kayanka na cikin waɗanda aka halatta, ka nemi izinin fitarwa kafin ka ɗaure kaya. Ba a ba da shi bayan kaya sun tashi. Za a so shaidar cewa ta halaltacciyar hanya ka samu, don haka ka riƙa ajiye rasit da lasisin wanda ya sayar maka. Izinin fitarwa wata 6 yake yi, ainihin takardar ce kuma ke bin kaya, hoto a waya ba ya wadatarwa. Adadi ya dace da abin da ke cikin kwali: in takarda ta ce fata 50 aka ƙirga 60, duka za a iya riƙewa. A tabbata kwastam sun buga hatimi wajen fita, don rashinsa kaɗai na sa a ƙi kaya a ƙasar da aka aika su. Mai aikawa Tarayyar Turai ya sani cewa suna neman nasu izinin shigarwa ko da a rukuni na biyu, mai saye ne zai nemo shi tun da wuri.

Iyakar da ake ƙetarawa a mota ma iyaka ce. Wanda ya ɗauko ɗan jimina ko kunkuru daga Maraɗi zuwa Katsina a bayan mota ya yi cinikin ƙasa da ƙasa, ko da kyauta aka ba shi.

Maharba kuwa, farauta a gandun daji na ƙasa irin su Kamuku, Gashaka-Gumti da Tafkin Kainji haramun ce, Yankari kuma na ƙarƙashin dokar Jihar Bauchi. Dokar 1985 ta hana farauta da guba, abin fashewa ko wuta. Gubar da makiyayi ya zuba a mushe don kura, ungulaye ne ke fara sauka a kai su mutu tare.

In aka kawo maka dabba mai rai da aka haramta, kada ka saya don tausayi, kuɗinka ne zai sa a koma kamo wata. Ka sanar da ofishin NESREA na jiharka ko sashen gandun daji. Kayan da aka ƙwace ba sa dawowa: a Oktoban 2023 an ƙona kusan tan 4 na ɓawon ɗan kunya a Abuja, a Janairun 2024 kuma aka niƙe hauren giwa kusan tan 2.5.