Yadda za ka haɗa wa yaronka kayan sojan Rum a gida

In a makaranta aka ba ɗanka sojan Rum a wasan kwaikwayo, dan Allah kar ka ɓata kuɗi kan hular roba, da ƙwarya da kwali za ka haɗa wanda ya fi kama da na gaske. Mu Kanawa kwalkwali ba baƙonmu ba ne, muna ganinsa kan 'yan lifidi duk hawan sallah, sai dai na Rumawa ƙirarsa daban.

Ka samo ƙwaryar da ta zauna daram a kan yaron, ka liƙa soso a ciki kar ta ci masa kai. Sai ka yanka kwali mai kauri guda biyu masu rufe kumatu, ka huda gefen ƙwaryar ka ɗaure su yadda za su riƙa motsi, a ƙasa kuma igiya ta haɗe su a haɓa. Ka bar wajen kunne a buɗe, su ma haka suka yi don soja ya ji umarni cikin hayaniya. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne faffaɗan bakin nan na baya mai kare ƙeya da wuya, kuma wallahi shi ne yake fito da kamannin, in babu shi kwano kawai yaro ya kifa. A saman ƙwaryar ka gicciya siraran kwali biyu, masana na danganta wannan ƙarin da yaƙin Tarajan sarkin Rum da Dasiyawa, mutanen yankin Romaniya ta yau, daga shekara ta 101 zuwa 106 miladiyya, saboda makamin Dasiyawan mai kama da lauje yana fasa kwalkwali. Sai fentin azurfa.

Tukku kuwa ba dole ba ne. In yaron shugaban runduna ne mai sojoji wajen 80, to nasa daga kunne zuwa kunne yake tafiya.

Sulke irin namu na zobba su ma sun saka, amma zai ba ka wahala, gara na falle-falle irin wanda aka tono a Kobrij ta Ingila a 1964, ka jera yankakken kwali wani kan wani ka ɗaure da tsirkiyar fata, dukawan kasuwar Kurmi za su yanka maka. Garkuwa ka lanƙwasa ta ta rufe shi daga kafaɗa zuwa gwiwa, ka kifa ɗan kwanon silba a tsakiya. Takobi a dama ƙaramin soja yake rataya shi, shugaban ne mai na hagu.