Yadda ake neman gurbin karatu kyauta a jami'o'in Saudiyya

Duk lokacin Umra, baƙi daga Kano, Zariya ko Damagaram sukan tare mazauna Makka da Madina da tambaya guda: ta ina ake bi yaro ya samu Jami'ar Madina? Kafin komai, a san cewa tallafin karatun, wato minha, iri biyu ne. Akwai ta waje, ga wanda ke ƙasarsa, ita ce mai tikitin jirgi da masauki da alawus na wata-wata. Akwai ta cikin gida, ga ɗan da ke zaune a nan Saudiyya da iƙama, wato takardar izinin zama, wadda wa'adinta bai ƙare ba. Wanda ya shigo da bizar Umra ya ƙi komawa ba ya cikin ko ɗaya, kuma babu jami'ar da za ta yi masa rajista komai ƙarfin karatunsa.

Ana cike takardar nema ne ta intanet, a shafin Ma'aikatar Ilimi mai suna Study in Saudi. Kyauta ne. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai samo gurbi, ɗan damfara ne. Kada kuma a ƙallafa rai a kan Jami'ar Musulunci ta Madina kaɗai, wadda aka kafa a 1961, domin can ne masu nema suka fi cunkoso. Akwai Ummul Ƙura a Makka, Jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda, ta Sarki Sa'ud da ta Imam Muhammad bin Sa'ud a Riyad, sai ta Gimbiya Nura ta mata zalla, ita ma a Riyad.

Shekaru: 17 zuwa 25 ga digirin farko da makarantar koyon Larabci, kada a wuce 30 ga digiri na biyu, 35 ga na uku. Jami'ar Madina ba ta son takardar sakandare da ta wuce shekara 5 da fitowa.

Takardun su ne fasfo, takardar kammala sakandare (WAEC, NECO, NBAIS, ko BAC ga 'yan Nijar) da cikakken sakamakonta, takardar haihuwa, shaidar lafiya, hoto, da tazkiyya, wato shaidar kyawun hali daga malami ko wata sananniyar cibiya. Abin da ba na Larabci ba a kai wa mai fassara da ke da hatimi.

A nan ne mafi yawa suke faɗuwa, ba a wajen maki ba. Fasfo ya ce Muhammad Sani Abubakar, sakamakon jarabawa ya ce Mohammed S. Garba, takardar haihuwa ta zo da wata ranar daban. Mu a gida mun san Garba da Abubakar mutum ɗaya ne, amma ma'aikacin da ke duba fayil bai sani ba, sai ya ture shi gefe ba tare da ya yi wa kowa bayani ba. A gyara tun kafin a fara cikewa, da takardar rantsuwa daga kotu idan ta kama, sannan a tsaya a kan mai fassara ya rubuta sunan da Larabci iri ɗaya a kowace takarda. Haka kuma a ɗora hoton takarda mai kala wanda hatiminsa ke karantuwa, ba wanda aka ɗauka da waya a cikin duhu ba. Adireshin imel ya zama na yaron kansa, kada mai shagon kwamfuta ya sa nasa, don ta can amsa ke zuwa, kuma takan ɗauki watanni.

Idan an dace, ga ɗan Najeriya sai a kai takardun Ma'aikatar Ilimi da ta Harkokin Waje a Abuja a buga musu hatimi, a yi gwajin lafiya a inda aka amince, a nemi biza ta ofishin jakadancin Saudiyya a Abuja ko ƙaramin ofishinsu na Kano.

Da isowa akwai jarabawar tantance Larabci. Wanda bai kai ba zai fara da makarantar koyon harshe, har kusan shekara 2, kafin ya shiga tsangayar Shari'a, Hadisi, Alƙur'ani ko wadda ya zaɓa. Ba asara ba ce; wanda ya tsallake ta da ƙyar shi ke shan wuya a aji. Jami'a ce ke fitar da iƙama, amma yakan ɗauki makonni, alawus ma ba ya fara shigowa nan take, don haka yaro ya zo da guzurin wata 2 a hannu. Iƙamar ɗalibi ba ta aiki ba ce, iyaye kada su sa ran zai riƙa turo kuɗi gida. In zai tafi hutu, ya duba kwanakin bizarsa ta fita da dawowa a manhajar Absher, ya dawo kafin su ƙare.

Mai niyyar bautar ƙasa a Najeriya ya tabbatar an buga wa digirinsa da cikakken sakamakonsa hatimi tun yana nan Saudiyya, domin za a nemi tantance su a Ma'aikatar Ilimi kafin NYSC ta karɓe shi.