Kurakuran da ke cinye ribar mai hayar gona a arewacin Kamaru

A kwarin Binuwai, inda iyalai da yawa suka sauko daga duwatsun Mandara neman ƙasar noma, da kuma filayen karal na kewayen Marwa, wato ƙasar laka da ake dasa dawar masakwa a cikinta bayan damina, haya na cikin hanyoyin da ƙaramin manomi ke samun gona, sai dai wasu kurakurai kan bar shi da wahalar noma ba tare da riba ba.

Mafi muni a ganina shi ne ƙulla yarjejeniyar damina ɗaya da fatar baki. Manomi ya kwashe takin dabbobinsa ya zuba, amfanin takin kuwa yakan wuce shekara guda, amma da mai gona ya ga yabanya ta yi kyau sai ya ƙara kuɗi ko ya karɓe gonar. Wannan tsoro ne ke hana masu haya kula da ƙasa, har ta gaji, wuta-wuta ta mamaye dawa. Dokar filaye ta 1974 ta sa gonakin da ba su da takardar mallaka cikin ƙasar da hukuma ke kula da ita, amma a ƙauye masu sarautar gargajiya, wato jauro da lawan da lamiɗo, su ne ke raba gardama. Saboda haka a nemi shekara uku ko fiye, a rubuta iyaka da kuɗi da lokacin biya, a sa hannu gaban jauro da shaidu. A rubuta maganar itatuwa ma, domin dasa itace a gonar wani ana ɗaukarsa neman mallaka.

Na biyu shi ne mantawa da kuɗin haya wajen lissafi. Mai noman auduga yana karɓar taki da maganin feshi bashi daga kamfanin auduga na Sodecoton, ana cirewa a kuɗin audugarsa. Idan an haɗa da haya da ladan 'yan ƙwadago, faɗaɗa gona kan rage abin da ke shiga aljihu. Ƙaramar gona mai ƙarfi ta fi babba wadda ta gaji, ko da ta yi arha.

Masu gona matalauta su ma suna cutuwa idan suka jinginar da karal ɗinsu a watan Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare, domin sun sarayar da masakwar da za ta ciyar da gida da rani. In ya zama dole, a ba da rabin filin kawai, ko a yi yarjejeniyar raba amfani bayan girbi.